Yadda za ka daidaita harkar kemikal a kamfanin waya da kebul kafin sifeto ya ƙwanƙwasa ƙofa

Tambayar nan ta yi yawa, musamman daga samarin da aka ɗauka aikin kula da lafiyar ma'aikata a kamfanonin waya na Legas da Ogun da Nnewi, da kuma masu ƙananan masana'antu a Sharada da Bompai da Challawa da suke haɗa robar PVC ko suke niƙa tsohuwar waya. Kowa cewa yake oga ya ce in gyara harkar kemikal, daga ina zan fara? To ga shi bi da bi, kuma don Allah a bi jerin yadda yake, saboda yawancin mutane daga ƙarshe suke farawa, su je kasuwa su sayo takunkumi kwali guda su raba wa yara su ce an gama, alhali takunkumi shi ne kusan abu na ƙarshe.

1. Zaga da littafi, ka rubuta duk abin da ke ciki

Kar ka zauna a ofis ka karɓi lissafi daga mai sito, shi abin da aka sayo kawai ya sani. Ɗauki littafi ka bi layin aiki tun daga inda sandar jan ƙarfe ko alminiyam take shigowa har inda ake naɗe waya a daura. A injin jan waya za ka tarar da ruwan man nan mai kama da madara da ke sanyaya dayis, wato ƙarfen nan mai huda da ake jan waya ta cikinsa. A ɗakin haɗa PVC nan ne kasuwar take, akwai garin PVC ɗin kansa, man DOP ko DINP mai sa roba laushi, sitabilaiza, wato sinadarin da ke hana roba ƙonewa a zafin inji, wanda a wurare da yawa har yanzu na dalma ne, garin kalsiyam kabonet, man CPW wato farafin mai kulorin, garin antimoni na hana kama wuta, da kaloli. In kuna yin XLPE, wato wata robar rigar waya mai jure zafi, akwai sinadarin feroksayid ko silen. A wajen buga rubutu a jikin waya akwai tawada da tina mai tsinka ta, galibi irin wadda ake kira MEK. Sai kuma waɗanda ake mantawa: dizal na janareta, asid na batirin fokilif, tukunyar gas ta masu walda, da abin da makanikai suke wanke ƙarfe da shi.

Kowanne ka rubuta sunansa yadda yake a jikin buhu ko durom, wa ya kawo shi, nawa ake ajiyewa, ina ake ajiye shi, su wa suke taɓa shi. Wannan matakin biro da littafi ne kawai kuɗinsa.

Hattara: duk jarka ko gorar da ka gani babu suna a jiki, kar ka shinshina don ka gane mene ne. Ka ware ta gefe ka nemi wanda ya zuba.

2. Karɓo takardar SDS ta kowane kemikal

SDS ita ce takardar bayanin haɗarin kemikal da yadda ake kare kai daga gare shi, wanda ya sayar maka shi ne zai ba ka, kyauta, ba alfarma ba ce. Takardar tana da sashe 16 amma in kana sauri ka fara da guda shida: na 2 haɗarinsa, na 3 abin da ke cikinsa, na 4 taimakon gaggawa, na 7 yadda ake ajiya, na 8 kayan kariya, na 13 yadda ake zubarwa. Sashe na 3 nan ne za ka kama sitabilaiza mai dalma, domin a jikin buhu lamba ce kawai irin ta kamfani, ba za su rubuta maka dalma ɓaro-ɓaro ba.

Dillalai da yawa za su ce maka ai Alhaji shekara goma muna kawo muku babu wanda ya taɓa tambaya. Ka ce to yau an tambaya. In ya kasa kawowa ko ya kawo wadda sunan da ke kai bai yi daidai da na buhu ba, ko ta zo da Sinanci zalla, wannan kaya ne da ba ka san abin da ke ciki ba, a nemi wani dillalin.

Ka yi fayil biyu, ɗaya a ofis ɗaya a filin aiki inda mai aikin dare zai iya ɗauka ba sai ya jira manaja ya zo da makulli ba. Sannan kowane kemikal mai haɗari ka taƙaita shi a shafi ɗaya da Hausa ko Burokan ko duk yaren da yaranka suke ji, ka manna a bango kusa da injin.

3. Takardun hukuma, wa ke neman me

A Najeriya hukumomin suna da yawa kuma kowacce da abin da take dubawa, shi ya sa mutane suke rikicewa.

Ma'aikatar Ƙwadago ta tarayya ita ke riƙe da Dokar Masana'antu ta 1987. Dole a yi wa masana'antar rajista a wurinsu, kuma sifetocinsu suna da ikon shigowa su duba iska, ƙura, hayaƙi, wurin wanke hannu, kayan kariya da akwatin taimakon gaggawa. NSITF kuma, wato asusun inshorar ma'aikata, a ƙarƙashin dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, kamfani ne ke biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi, ba a cire shi daga albashin ma'aikaci. NESREA, wadda aka kafa a 2007, ita ce mai kula da abin da ke fita daga harabarku, hayaƙi, ruwan datti, shara mai guba, kuma tana neman rahoton binciken muhalli duk shekara 3, ga kuma hukumar muhalli ta jiha ita ma da nata. In kuna shigo da kemikal da kanku daga waje sai da izinin NAFDAC, kuma sabunta shi ake yi, ba na dindindin ba ne. SON, hukumar kula da ingancin kaya, ita ingancin wayar kanta take dubawa ta hanyar shirinta na tantance kayan gida mai suna MANCAP.

Kuskuren da ake yawan yi: a ɗauka tunda akwai satifiket ɗin SON a rataye a ofishin manaja an gama da kowa. Sifeton Ma'aikatar Ƙwadago ba ruwansa da shi, shi huhun ma'aikaci ya zo dubawa.

Kuɗin rajista da na izini suna canzawa, ka je ofishinsu ko shafinsu ka ga na yanzu, ka biya ta hanyar da hukuma ta tsara ka riƙe rasit. Wanda ya ce ka ba shi a hannu zai fito maka da takarda gobe, ka yi hankali da shi.

4. Ɗakin haɗa garin PVC, nan za ka fi daɗewa

In kuɗinku na gyara wuri ɗaya ne kawai a bana, to nan ne. Ka tsaya ka kalli yaron da ke zuba kaya a mikisa. Zai yanka bakin buhu da reza, ya ɗaga ya juye, farar ƙura ta taso masa har gira, sannan ya kakkaɓe buhun sau biyu don kar a ce ya yi asara, ya ninke shi a ƙirjinsa ya matse iskar ta fito masa a fuska. In an tashi ya ɗauki tiyon iska ya hure rigarsa. In sitabilaizan nan na dalma ne, duk wannan ƙurar gubar dalma ce, ba ta wari ba ta yaji, ba zai ji komai ba yau, sai bayan watanni ya fara ciwon ciki da ciwon kai da kasala da saurin fushi a yi ta ba shi maganin taifod da maleriya. Mu a Arewa ba sai an yi mana dogon bayanin dalma ba, a 2010 yara sama da 400 ta kashe a ƙauyukan Zamfara, kuma ta hanyar ƙurar da ta shiga gidaje ne. Ma'aikacin da ya koma gida da rigar aiki ya ɗauki ɗansa, hanya ɗaya ce.

Gyaran yana da jeri. Na farko, a canza kayan. Akwai sitabilaiza na kalsiyam da zink wanda babu dalma, yana aiki, sai dai dole mai kula da haɗi ya sake gwada ma'auni da zafin injin, kuma kuɗinsa kan ɗan ɗara. Oga zai yi ƙorafi, ka nuna masa cewa Tarayyar Turai a dokar RoHS ta ƙayyade dalma a kayan lantarki kar ta wuce kashi 0.1 cikin 100, kadmiyam 0.01, kuma tun Yulin 2019 man DOP, wanda a takarda za ka ga an rubuta DEHP, shi ma ya shiga jerin da iyakar 0.1. Duk kwastoman da ke haɗa kaya don fitarwa ko babban ɗan kwangila mai bin ƙa'idar waje zai tambaye ku wannan takardar ko ba jima ko ba daɗe. Man CPW ma ka tambayi dillali wane iri ne, domin irin da ake kira mai gajeren sarƙa, SCCP a takarda, an sa shi a jerin haramtattu na yarjejeniyar Stockholm ta ƙasa da ƙasa kan kemikal masu guba tun 2017.

Na biyu, in ba za a iya barin dalma yanzu ba, a sayi wanda ya zo a dunƙule kamar ƙwaya ko ɓarzajje maimakon gari, ƙurarsa ba ta kai ba. Na uku, a sa bututun zuƙar ƙura a daidai bakin mikisa da wajen awo, mai jan iska daga gaban ma'aikaci zuwa nesa da shi, ya kai ta cikin matata. Wannan shi ne abu mafi tsada a duk jagorar nan, amma maƙeran gida suna iya ƙera murfin da bututun, fankar da matatar ne kawai sai an saya masu kyau.

Hattara: fankar tsaye ba zuƙar ƙura ba ce. Watsa ta take yi ta kai wa na ɗaya ɓangaren da bai ma san ana yi ba. Haka tsintsiya, a daina sharar busasshen gari, a yi da jiƙaƙƙen mofa ko injin zuƙa mai matatar HEPA, wato mai kama ƙura mafi laushi. Tiyon iska kuwa a hana hure jiki da shi kwata-kwata.

5. Injin sa wa waya riga, da ranar da aka ɗauke wuta

PVC yana narkewa lafiya a zafin da bai kai digiri 200 ba, amma in ya wuce ko ya daɗe a cikin injin yana zaune da zafi sai ya fara ƙonewa ya saki hayaƙin asid mai shaƙe maƙogwaro da sa hawaye. A wurinmu abin da ke jawo wannan sananne ne, an ɗauke wuta, kafin a tada janareta a juya layi roba tana kwance a cikin bututu mai zafi, ana kunnawa sai ka ga ta fito ruwan kasa ko baƙa tana hayaƙi. Ka rubuta ƙa'ida a manna a jikin injin: in tsayuwar ta wuce 'yan mintuna a rage zafi, a wanke cikin da robar wanki kafin a ci gaba, ƙonannen da ya fito a jefa shi cikin bokitin ruwa a fitar waje, kar a bar shi a ƙasa yana turnuƙe mutane. Kan injin inda roba ke fitowa shi ma yana son murfin zuƙar hayaƙi.

Hattara: masu ƙona dayis da sukurun injin da wutar gas don su cire robar da ta manne, a cikin ɗaki, su daina. A goge da burushin tagulla tun da zafinsa.

6. Ruwan jan waya da tawada

Ruwan man jan waya ba ya kisa amma shi ne ya fi kawo ƙorafi, hannu ya yi ta ƙaiƙayi yana tsagewa. In ka ji tankin yana warin ruɓaɓɓen ƙwai ranar Litinin da safe, ƙwayoyin cuta sun cika shi. A riƙa auna kaurinsa da pH ɗinsa, wato ma'aunin tsaminsa, duk mako, a kwashe man injin da ke yawo a sama, a canza shi lokacin da mai kayan ya ce. Kar a wanke hannu a ciki, kar kuma a wanke da dizal ko tina.

Tinar MEK kuwa tana kama wuta ko da sanyin hunturu ne, ƙyas kaɗan take jira. Ta kwana ɗaya kawai za a ajiye a gefen injin, a gwangwanin ƙarfe mai murfi, tsumman da aka goge da shi ma a bokiti mai murfi.

7. Sito da lakabi

Raba su: masu kama wuta gefe guda, asid gefe guda, feroksayid shi kaɗai nesa da kowa, a inuwa mai sanyi, domin zafi yana sa shi ya fara ruɓewa da kansa yana ƙara zafi har ya kama. Kwantenar ƙarfe da ke tsakiyar rana a watan Afrilu a Kano ba wurin ajiye shi ba ne, duba sashe na 7 na takardar SDS ɗinsa ka ga iyakar zafin da aka rubuta ka rataye ma'aunin zafi a ɗakin. Silen kuma ba ya son danshi, a rufe bakinsa ruf. Duromomin mai a ɗora su a kan dakali mai ɗan katanga da zai iya riƙe kashi 110 cikin 100 na babban durom in ya fashe, bulo da siminti ne kawai, birkila zai gama a kwana biyu. A ajiye yashi ko garin tsotsa da shebur kusa, da abin kashe gobara na hoda ko na CO2 a bakin ƙofa ta waje, ba can ciki inda wutar za ta tare hanya ba.

Duk abin da aka juye a ƙaramin mazubi a rubuta sunansa a sa alamar haɗarinsa, alamomin nan masu jan gefe, harshen wuta, ƙoƙon kai, hannun da asid ke ci, mutum mai tauraro a ƙirji.

Hattara: gorar ruwa ko ta lemo ba a zuba tina a ciki, ko na minti biyar ne. Tina fara ce tas kamar ruwa, ga zafi ga ƙishi, wani zai ɗaga ya kurɓa.

8. Yanzu ne ake zuwa kayan kariya

Takunkumin asibiti mai shuɗi da ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba sa tare ƙurar dalma. Na ɗakin gari yana buƙatar na roba mai rufe hanci da baki da matata P3 ko P100. Mai aiki da tina matata mai harafin A, wajen hayaƙin asid mai harafin E, kuma matatar ƙura ba ta tare tururin tina, kowanne da aikinsa. Jikin takunkumin sau ɗaya ake saya, matatun ne kuɗin da ba ya ƙarewa, don haka a sa su a kasafin wata-wata, in ba haka ba za ka ga an shekara da matata ɗaya. Na jabu sun cika kasuwa, a saya wurin dila da zai ba da rasit.

Akwai maganar gemu, kuma gara a faɗe ta. Takunkumin roba sai ya manne da fata yake aiki, gemu mai yawa yana buɗe hanya ta gefe. Ba sai an takura wa bawan Allah ya aske ba, ko a saya masa irin hular nan mai batir da ke hura tatacciyar iska, tana da tsada, ko a mayar da shi sashen da babu ƙura.

Safar hannu ma ba ɗaya ba ce, naitiral tana yi wa mai da ruwan jan waya, amma MEK yana ratsa ta da wuri, sai ta butil. Tabarau ga duk mai juye ruwa. Doka ta ce kamfani ne ke samar da waɗannan, ba a cire wa ma'aikaci a albashi.

9. Wanke hannu, abinci, da gwajin jini

Famfo da sabulu a bakin ɗakin gari, da wurin wanke ido wanda zai iya zuba na minti 15 ba yankewa. Wurin cin abinci daban, kuma goro, rake, gyaɗa, sigari, duk a hana a filin aiki. Ga wani abu da ba a lura da shi: an kira Azahar, yaro ya fito daga ɗakin gari ya ɗauki buta, ya wanke hannu da ruwa zalla ya kurkure baki ya shaƙa a hanci da hannun nan. Ka sa sabulu a wurin alwala ka ce a fara wanke hannu da fuska da shi tukuna. Kayan aiki a bar su a kamfani a wanke a nan, loka biyu, ta kayan gida da ta kayan aiki.

Duk wanda ke taɓa dalma a auna masa ita a jini kafin ya fara, sannan a riƙa maimaitawa yadda likita ya tsara. Ba kowane lab ne ke yi ba, a tambayi manyan asibitocin koyarwa ko manyan lab masu zaman kansu. Wanda nasa ya hau a cire shi daga sashen da albashinsa, a kuma binciki dalilin. Mace mai ciki ko mai shayarwa ba ta da aiki a wannan ɗakin sam.

Hattara: gwangwanin madarar da ake raba wa ma'aikata wai tana wanke guba, ba ta wanke komai. A sha don daɗi, amma kar a rubuta ta a matsayin kariya.

10. Shara, da rahoto in abu ya faru

Buhunan sitabilaiza da duromomin kemikal ba a sayar wa mutanen gari, domin durom ɗin ruwan sha zai koma, buhun kuma a zuba masara. A huda durom, a mayar wa dillali ko a ba mai kwasar shara mai guba da ke da izini, a karɓi takarda. Tsohon ruwan jan waya ba a sake shi a kwata. Ragowar waya kuwa in za a sayar wa 'yan gwangwan a feɗe ta da injin feɗewa ko a niƙa a raba, in ka ba su da rigarta ƙonawa za su yi a bayan unguwa, hayaƙin PVC kuma yana ɗauke da asid da wata guba da ake kira dayoksin.

In hatsari ya faru, Dokar Masana'antu ta ce wanda ya jawo mutuwa ko ya hana mutum aiki fiye da kwana 3 a sanar da sifeto a rubuce, haka in an gano cutar aiki irin gubar dalma. Ta ɓangaren NSITF ma'aikaci yana da kwana 14 ya sanar da kamfani, kamfani kuma kwana 7 ya kai rahoto, in rasuwa ce nan take. Ka ajiye rajista ɗaya ta hatsari, ɗaya ta horon da ka ba yara da kwanan wata da sa hannunsu ko dangwale, har da leburorin wucin gadi da ɗan kwangila ya kawo, domin su aka fi turawa ɗakin gari kuma sunansu ne ba ya cikin kowane littafi. Duk sanda aka kawo sabon kemikal ko aka canza dillali, ka koma mataki na 1 ka ƙara shi a jerin kafin a buɗe buhun farko.